RA'AYINMU: Doka Tana Ƙaura, Mu Bi Sawunta

Duk wanda ya taɓa zaman sulhu tsakanin manomi da makiyayi a ƙauyukanmu na gaɓar Bahar Azrak, watau Shuɗin Nilu, ya san irin dattijon nan da kan zo da takarda a naɗe cikin tsumma, ya warware ta a hankali gaban jama'a, ya ce ga shaidar da aka ba mahaifinsa. Wani lokaci rasiɗin jangali ne, wani lokaci 'yar wasiƙar umda ce mai hatimi. Takardar ta gaskiya ce, dattijon ma mai gaskiya ne. Amma idan magana ta wuce gindin bishiya ta kai ofis, sai ma'aikaci ya juya takardar gaba da baya, ya ce masa dokar da aka rubuta wannan a ƙarƙashinta an soke ta tun kafin a haifi 'ya'yansa. Dattijo ya koma gida yana cewa an zalunce shi. Sau da yawa kuwa an zalunce shi ɗin, sai dai abin ya faru ne tun shekaru da yawa baya, can a Hartum, ranar da aka canja wasu 'yan kalmomi cikin wata doka, ba kuwa wanda ya zo ya gaya masa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan fitowa shi ne, mun lura yawancin jama'armu na Jazira da Sinnar da Damazin, Hausawa da Fulani waɗanda mutanen Sudan kan haɗa su kira Fallata, suna ɗaukar doka kamar dutse, inda ka bar ta nan za ka tarar da ita. Alhali kuwa a Sudan doka ta fi kama da gulbi, kowace damina da inda take yanka. Kowace Gwamnati ta hau sai ta soke wata, ta yi wa wata gyaran fuska, ta bar wata a takarda ba aiki. A ganinmu bin sawun waɗannan canje-canje, watau binciken doka, aiki ne da ya wajaba a kanmu kamar allurar shanu, kuma mun yi sakaci da shi.

Mu fara da kwanan wata guda ɗaya tak. Cikin 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas. Wajen 1906 suka sauka gaɓar kogi kusa da Sinnar, a yankin da garin Mai Wurno yake yanzu. Bayansu alhazai da masu neman aikin auduga suka yi ta zuwa, ƙauyuka suka kafu tun daga Jazira har Rusairis. Cikin 1948 Gwamnatin Turawa ta fitar da dokar da ta bayyana ko wane ne ɗan Sudan, ta ce sai wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun ran 31 ga Disamba 1897. Dokar ɗan ƙasa ta 1957, bayan samun mulkin kai, ta riƙe wannan rana yadda take. To, a lissafa. Tsakanin ƙarshen 1897 da 1906 bai wuce shekara tara ba. Saboda waɗannan 'yan shekaru, mutumin da aka yanke cibiyarsa a Mai Wurno, ya binne iyayensa a Mai Wurno, bai san wata ƙasa ba sai wannan, sai ya zama baƙo a idon doka, ya koma neman jinsiyya da roƙo kamar wanda ya sauka jiya.

Ranar nan ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Dokar 1994 ta matso da ita zuwa ran 1 ga Janairu 1956, ranar samun mulkin kai, abin da ya shigar da akasarin gidajenmu cikin 'yan ƙasa na haihuwa. Tsarin mulkin riƙon ƙwarya na 2005 kuma ya buɗe ƙofa ga wanda uwarsa ce 'yar Sudan. Ba mu ce wahala ta ƙare a ofisoshi ba, don kowa ya san yadda akan tsare mai suna irin namu da tambayar asali da neman shaidu. Amma akwai bambanci babba tsakanin wanda ya je roƙo da wanda ya je yana sane cewa doka tana bayansa. Abin takaici, mun sha ganin magidanta da suka tsufa ba takarda, suna gudun ofis saboda tsoron dokar da ta riga ta mutu.

A Jazira darasin ya fi fitowa fili. An gama madatsar ruwa ta Sinnar cikin 1925, shirin noman auduga ya kankama. Dokar filayen Jazira ta 1927 ta karɓi filayen mutane haya ta dole, shekara 40, a kan ƙirshi 10 kowane faddan, watau eka ɗaya da ɗan ɗoriya. Kuɗin ba wani abu ba ne. Amma da yake an auna filayen an rubuta sunayen masu su cikin rijista, hayar ta ƙare cikin 1967, jikokinsu kuma suka ci gaba da bin haƙƙinsu, har dokar shirin Jazira ta 2005 ta zo dole ta yi maganarsu, ta yi maganar diyyarsu. Suna da abin da za su nuna. Mutanenmu fa? Lokacin da kasuwar auduga ta faɗi a farkon shekarun 1930, 'yan ƙasa da yawa suka yar da hawasha, watau gonar da shirin ke ba manomi, mutanenmu suka karɓa suka noma ta cikin wahala. Da farashi ya farfaɗo, maganar jinsiyya kuma ta shigo, sai rabon hawasha ya koma hannun masu takarda. Mafi yawan namu suka zauna a kambo, bukkokin 'yan ƙwadago na bakin magudanar ruwa, su da 'yan'uwanmu mutanen Darfur. Kaka ya tsinci auduga, uba ya tsinta, jika ya tsinta, filin da bukkarsu take kai ba nasu ba ne, kuma dokar 2005 da ta ba mai hawasha 'yancin zaɓen abin da zai shuka ba ta warware wa mazaunin kambo komai ba.

Amma dokar da ta fi kowace karya makiyayi ita ce ta 1970. Don a gane ta sai an koma baya kaɗan. Dokar rijistar filaye ta 1925 ta riga ta ce daji da saura da duk filin da ba kowa a kai ana ɗaukarsa na Gwamnati ne, sai dai ta bar ƙofa, ta ce har sai an kawo hujjar da ta nuna ba haka ba ne. Ke nan al'umma tana iya zuwa da shaidu ta ce nan mashekarinmu ne, nan mashayarmu ce tun kaka da kakanni. Da Ja'afar Numairi ya hau, sai Dokar Filayen Da Ba Su Da Rijista ta rufe wannan ƙofa. Duk filin da ba a yi wa rijista ba kafin ran 6 ga Afrilu 1970 ya zama mallakar Gwamnati, kamar an riga an rubuta shi da sunanta. Wa ya taɓa yi wa burtali rijista? Filayen da aka auna zamanin Turawa na bakin Nilu ne da Jazira da birane. Sauran ƙasa, inda dabbobi suke kiwo, ta tafi da tawadar alƙalami ɗaya.

Ba kuwa a banza aka yi ta ba. Tun 1968 an kafa hukumar noman injina da taimakon Bankin Duniya, tana yanka daji tana raba wa 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Wanda ya san Dali da Mazmum da Agadi kafin tarakta ta shiga, ya san abin da muke faɗi. Cikin 1971 kuma aka rushe hukumar gargajiya, nazir da umda da shaihu, waɗanda su ne ke buɗe burtali, su sa ranar da shanu za su shiga gonaki bayan girbi, su yanke diyyar ɓarna. Cikin shekara uku aka ɗauke filin, aka raba shi, aka kuma kawar da mai raba gardama. Garken da ya bi hanyar da ya saba bi bara, bana sai ya tarar da dawa a kanta, a kama makiyayi a ce ya yi ɓarna.

To, ga inda rashin bincike yake cutarmu. Idan ka zauna da jama'a ka tambayi labarin dokar 1970, kashi biyu za ka samu. Wasu za su ce tana nan daram. Wasu, waɗanda suka ɗan ji labari, za su ce ai an soke ta, ke nan fili ya koma wa masu shi. Duka biyun sun kuskure. Dokar Mu'amalat ta 1984 ta soke ta, gaskiya ne. Amma ita ma ta ce ƙasa ta Allah ce, Gwamnati ce mai riƙon ta, kuma ranar nan ta 6 ga Afrilu 1970 tana nan a matsayin iyakar mallaka. Sabon abin da ta kawo shi ne haƙƙin manfa'a, watau amfanin da mutum ya daɗe yana ci a fili, doka ta san da shi ko da bai mallaki ƙasar ba. Wannan igiya ce da za a iya kamawa, kuma kaɗan ne cikinmu suka san tana nan. Sa'an nan a farkon shekarun 1990 aka yi wa dokar gyara, aka hana kotuna sauraron ƙara a kan filin da Gwamnati ta raba. Wanda ya sayar da bijimi ya ɗauki lauya bai san da wannan gyara ba, ya yi hasarar bijimi, alƙali bai ma buɗe maganar ba.

A nan sai mu ɗan ratse. Malamanmu na zaure ba baƙi ba ne ga wannan fanni. Ba malamin da ake yarda ya ba da fatawa bai san nasihi da mansuhi ba, bai san wane hukunci ne ya zo daga baya ya shafe na farko ba. Har ila yau sun san babin raya mataccen fili, wanda dokar 1984 ta ɗebo daga gare shi. A fiƙihun Malikiyya ana raya fili da haƙa rijiya, da gini, da dashe, da huɗa, amma kiwo kaɗai ba a lissafa shi cikin rayawa. Manomi yana barin kunya a ƙasa, makiyayi ba ya barin komai sai sawu da kashin shanu, ruwan farko ya wanke. Shi ya sa doka ta kan bayyana makiyaya da abin da ya rage bayan an fitar da gona da gandun daji. Wanda zai yi mana magana gaban Hukuma tilas ya san wannan rauni, ya san ta inda zai ɓullo masa.

Akwai ta inda ake ɓullowa kuwa, don wasu sun yi. A Jamhuriyar Nijar dokar karkara ta 1993 ta amince makiyayi yana da fifikon amfani a yankin da ya saba komawa, ta 2010 kuma ta ce yawon kiwo haƙƙi ne da Hukuma za ta kare. Ƙungiyoyin makiyaya na can sun yi shekaru suna zama kan daftarin, sashe bayan sashe, kafin a kai ga haka. A Nijeriya ta Arewa an yi dokar keɓe makiyaya tun 1965, amma akasarin wuraren da aka keɓe ba a kammala shigar da su cikin gazet ba, gonaki da gine-gine suka cinye su. Kada kuma wani ya ce dokar wata ƙasa ba ta shafe mu ba, don doka ma matafiya ce kamar mu. Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, shi ya shugabanci kwamitin masana da ya je Kaduna cikin 1958, kuma kundin hukunta laifuffuka da Jihar Arewa ta ɗauka bayan haka daga na Sudan aka tsara shi. In doka ta iya tafiya daga Hartum zuwa Kaduna, ba abin da zai hana wata ta taso daga Yamai ta zo Sinja.

Ita ma Sudan ta yi dokar makiyaya da ciyawa cikin 2015. Mutum nawa ne cikin ardo-ardonmu da masu unguwanninmu aka taɓa karanta wa ita? Yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ta yi alkawarin hukumar filaye ta ƙasa da ta jihar Bahar Azrak, wadda za ta duba haƙƙin gargajiya, ta ƙasar ba a kafa ta ba har wa'adin yarjejeniyar ya cika. Cikin 2011 Kudu ta ɓalle, mashekarin rani na garkuna masu yawa ya wayi gari a wata ƙasa. Cikin Satumba 2012 ƙasashen biyu suka sa hannu a Addis Ababa kan yarjejeniyar iyaka wadda ta yi maganar ƙetarawar makiyaya. Duk waɗannan rubuce suke, kuma kowane ɗaya makami ne ga wanda ya san shafinsa. A hannunmu kuwa sun zama kamar maganin da aka saya aka rataye a tsangaya.

Ba za mu wuce ba mu ambaci 2022 ba, ko da yake ambaton yana da ciwo. Cikin Yuli na wannan shekara rikici ya tashi tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a Rusairis da kewaye, fiye da mutum 100 suka rasu. Cikin Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, yankin da aka tsugunar da waɗanda ruwa ya tasa bayan an ƙara tsawon madatsar Rusairis cikin 2013, aka rasa fiye da 200. Dubbai suka bar gidajensu. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ta kowane ɓangare. 'Yan siyasa sun hura wutar, wannan ba a musu. Amma tushen gardamar tambaya ce ta doka. Hausawa sun nemi sarauta tasu cikin hukumar gargajiya, wadda aka dawo da ita sannu a hankali bayan rushewar 1971. Maƙwabta suka ce sarauta da ƙasa tare suke tafiya, ƙasa kuwa tana da masu ita. Dokar Gwamnati ta ce fili nata ne, ɗan ƙasa kuma yana iya zama ko'ina. Al'ada ta ce ba haka ba. Yarjejeniyar Juba ta Oktoba 2020 ta ba yankin cin gashin kai, ta sake alkawarin hukumar filaye, kowa ya fassara ta yadda ta yi masa daɗi. Dokoki uku a kan fili ɗaya, ba wanda ya zauna ya tace su gaban jama'a, ya ce sarauta a kan mutane daban, mallakar ƙasa daban, ga abin da kowace doka ta ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun san abin da wani zai ce. Zai ce tun Afrilu 2023 bindiga ce ke magana a Sudan, Wad Madani ta faɗi cikin Disamba na wannan shekara, Sinja ta bi baya cikin 2024, kuma da soja suka karɓe Wad Madani a Janairu 2025 mazauna kambo ne aka far wa da zargin haɗa baki. Wace takarda ce ta tare harsashi? Babu. Ba mu da amsar da ta wuce wannan. Amma duk wanda ya bi tarihin da muka zana a sama zai ga cewa bayan kowane juyi a ƙasar nan sabuwar dokar fili da ta ɗan ƙasa ke biyowa, kuma cikin gaggawa ake rubuta ta, a ɗakin da ba mu ciki. Iyalai da yawa sun gudu ba su ɗauki ko takarda ɗaya ba. Ranar da ƙura ta lafa za a zauna a ce wa ke da wannan gona, wa ke da wannan kambo, ina burtali ya bi. Wanda ya zo da hujja a shirye shi za a saurara.

Saboda haka ga abin da muke nufi da bincike, don kada a ɗauka sai mai baƙar riga ke yinsa. Na farko a samo nassin dokar kanta, ba abin da wani ya ji wani ya faɗa ba, a bi gazet ɗin Gwamnati a ga gyaran da aka yi mata da ranar da ya fara aiki. A haɗa da dokokin jihohi, don abin da Sinnar ta tsara game da burtali da noma ba lalle ne ya zama ɗaya da na Gadarif ba. A duba mujallar hukunce-hukuncen kotu da ake bugawa tun 1956, a ga yadda alƙalai suka fassara manfa'a. Tsofaffin fayiloli da taswirori na zamanin Turawa suna gidan adana takardu na Hartum, gwargwadon abin da yaƙi ya bari, wasu kuma suna Jami'ar Durham a Ingila. Littafin da Mark Duffield ya buga cikin 1981 a kan garin Mai Wurno ya kamata a ce kowane ɗalibinmu ya san shi. Wannan ɓangare na 'ya'yanmu ne da suka karanta shari'a a Hartum da Nilain da sauran jami'o'i, waɗanda yanzu suke warwatse a Masar da Sa'udiyya da Kano. Muna kira gare su da babbar murya, kowa ya ɗauki doka ɗaya, ya mai da ita Hausa da Fulatanci a sauƙaƙe, da boko da ajami, ya aiko mana mu buga a wannan shafi.

Ɗaya ɓangaren kuwa namu ne, mu da ke cikin ruga da ƙauye, ba ya bukatar digiri. Shugabannin rassa su zauna da tsofaffi tun suna raye, a rubuta kowane burtali da sunansa, inda ya taso, rafin da ya ƙetare, hafirin da ake sha, shekarar da gona ta fara tare shi, da sunan umdan da ake gaisarwa in an sauka. A yi haka tare da maƙwabta manoma in sun yarda, don shaidar da ɓangare biyu suka sa wa hannu ta fi nauyi. A kambo a rubuta shekarar da aka kafa shi da gidajen farko da maƙabartarsa. Takardar dattijon nan kuma kada a raina ta don an ce dokarta ta mutu. Ba ta ba shi mallaka ba, amma tana nuna shekarar da mahaifinsa yake wurin, kuma a maganar manfa'a da ta jinsiyya shekara ake tambaya. A ɗauki hotonta da waya gaba da baya, a rubuta sunan garin da na mai hatimin, a ajiye kwafi ɗaya wurin limami, ɗaya a aika wa sakataren reshe kafin damina ta sauka hanyoyi su yanke.